Yadda Haske Ya Shiga Ɗakin Likitan Ido

Duk wanda ya je babban asibitin ido a wannan zamani, aka zaunar da shi gaban wata na'ura ya ɗora haɓarsa, kafin ya ƙifta sau biyu likita ya ga tantanin bayan idonsa falle-falle kamar an yanka shi alhali ko taɓa shi ba a yi ba, to ya ci gajiyar wani malami na jami'ar MIT ta Amurka, James Fujimoto, wanda asalin fanninsa hasken leza ne mai gajeriyar walƙiya, kuma a kansa ya sami digirin dakta a 1984.

Mas'alar da ya fuskanta mai sauƙin faɗa ce. Na'urar da ake duba mai juna biyu da ita sauti take aikawa cikin jiki ta auna lokacin da amsa-kuwwarsa ta dawo, amma in aka so yin haka da haske, da yake yana gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa guda, babu agogon da zai riski tafiyarsa da dawowarsa cikin ƙwayar ido. Hikimar da aka yi ita ce a raba hasken biyu, kashi ɗaya ya shiga ido, ɗayan ya daki madubin da aka san nisansa, sa'an nan a gama su, daga yadda suka haɗu a gane zurfin kowane falle. A 1991 aka buga wannan bahasi a mujallar Science, aka kira dabarar OCT. Cikin marubutan akwai almajirinsa David Huang, mai karatun likitanci da injiniyanci a lokaci guda, da Eric Swanson, wanda ya fito daga aikin sadarwa ta haske, da likitocin ido irin su Carmen Puliafito da Joel Schuman.

Masu ba da tarihi kan tsaya a wannan shekara, amma a ganina sababin yaɗuwar abin yana wani wuri dabam. Kamfanonin sadarwa sun riga sun zuba dukiya wajen ƙera zaren gilashi mai ɗaukar haske da sauran kayansa, saboda haka masu bincike suka tarar da kayan aiki a kasuwa. Duk da haka, da kamfanin Zeiss ya fitar da na'urar farko a 1996, ba a yi rububinta ba, domin hoton da ba zai sauya magani ba ƙawa ce kawai a wurin likita. Sai a 2006 abubuwa biyu suka yi kiciɓis: sababbin na'urori masu saurin da ya ninka na da sau da yawa suka shigo kasuwa, kuma hukumar magunguna ta Amurka ta halatta Lucentis, allurar da ake yi cikin ido don cutar tsufa da ke tara ruwa a tsakiyar tantanin gani. Allura ce mai tsada da ake maimaitawa, tilas likita ya san ko ruwan ya janye kafin ya sake yi, kuma OCT ce mai ba shi wannan hujja.

Natijar haka ta kai ga masu ciwon sukari da masu hawan jinin ido, waɗanda ake iya ganin jijiyar ganinsu tana sirancewa tun ba su ankara ba, har ma likitocin zuciya sun zura irin wannan haske cikin jijiyoyin jini. Sai dai haske, in ya bar ido mai garau ya shiga tsoka, ba ya wuce milimita biyu zuwa uku, kuma kuɗin na'urar ya sa ta taru a manyan birane, nesa da galibin masu makancewa a duniya. A 2023 aka ba Fujimoto da Huang da Swanson lambar yabo ta Lasker, shekara 32 bayan wancan rubutu.