Cefanen Talata a Kawo: Ina Kuɗinku Ke Kwana?

Idan a Hayin Banki kuke, ba sai an gaya muku yau Talata ba. Tun da sassafe hanyar Kawo ke cushewa da a-kori-kura da Keke Napep, an labto buhunan masara, kwandunan tumatir da tattasai, ga kaji an ɗaure a bayan babur. Da yawan kayan nan daga ƙauyukan Igabi suke fitowa, wajen Rigachikun, Birnin Yero da Turunku, ganye kuwa har daga fadamun bakin kogin Kaduna. Kasuwa ta zo muku har ƙofar gida.

Duk da haka, maigida, sau nawa ka wuce mai kwandon tumatir ka je ka sayo na leda? Yawancinsa da markaɗen da aka shigo da shi daga ƙasar Sin ake haɗa shi. Kuɗinka ya tafi ke nan, ba zai waiwayo ba. Wanda ka miƙa wa manomi kuwa, kafin la'asar ya rabu: ɗan dako ya samu, mai abinci ta samu, ya sayi takalmin yaro da sabulu a nan kasuwar, ragowar ta tafi taki. Naira ɗaya ta shiga hannu huɗu ko biyar, kuma wataƙila ɗaya daga cikinsu maƙwabcinka ne.

Akwai wata ɗabi'a tamu da ke ba ni mamaki. A babban kanti, abin da aka manna a jikin kaya shi muke biya, ko tari ba ma yi. Amma tsohuwa mai ɗaurin alayyafo sai mun taya mun sake tayawa, ta sallama, mu kuma nemi gyara. Ita fa ta biya kuɗin mota, wanda ya yi tashin gwauron zabo tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuma ganyenta ba ya kwana. Ta san idan rana ta yi zai yi yaushi, shi ya sa take sallamawa, ba don ta ci riba ba. Manomin da ya faɗi shekara biyu a jere yakan jingine fartanya ya shigo gari yin acaɓa. Wanda ya ga 2016, lokacin da tsutsa ta cinye gonakin tumatir har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kai, ya san yadda miya ke komawa idan kwanduna suka daina zuwa.

Ba wai kowa a kasuwar manomi ba ne. Dillalai sun fi yawa, kuma akwai mudun da aka bubbuge gindinsa, akwai kwandon da aka jera manya a sama, ruɓaɓɓu a ƙasa. Sai ku buɗe ido, ku sa a juye a gabanku.

Uwargida, ga dabara: ku haɗa kuɗi ku uku ko huɗu a layinku, a aika mutum ɗaya da wuri, kafin 'yan sari su kwashe. Daga Janairu zuwa Maris tumatirin rani ke araha. A sayo kwando, a raba, ki yanka ki shanya a rana, a wuri mai iska ko kan rufi, ki adana kauɗarki a mazubi mai murfi, domin tsadar da ke zuwa daga Mayu zuwa Yuli. Haka ma kuɓewa da attaruhu. In kin dace da mai kaya nagari, karɓi lambarsa, Talata mai zuwa ya ware miki naki tun daga gona.