IN CUTA TA KATSE WA MAI RAGE ƘIBA HANZARI, TA INA ZAI SAKE FARAWA?

Garin Paikon Kore yana cikin yankin Gwagwalada ne a Birnin Tarayya, kuma an fi saninsa da makiyayar da hukuma ta keɓe wa Fulani a gefensa. Kafin a tsai da shawarar kafa sabon babban birnin ƙasa a 1976, mutanen wannan yanki da ƙafa suke zuwa gona da kasuwa da rafi, abin da suka ci da safe kafin azahar ya bi gumi. Tun da gwamnati ta taso daga Ikko ta tare a Abuja cikin Disamba 1991, zaman ya yi ta sakewa. Yau babur yana ɗaukar mutum daga ƙofar gida ya dire shi a ƙofar shago ko ofis, ya wuni a zaune. Malmalar tuwo da sakwara kuwa ba su ragu ba, sai ma lemon kwalba da burodi da suka ƙaru a kansu.

Wannan hali ya game duniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mutum ɗaya cikin kowane takwas yana ɗauke da ƙibar da ta wuce kima, wadda ke jawo hawan jini da ciwon sukari da ciwon gwiwa. Saboda haka mutane da yawa, a Paikon Kore da sauran garuruwanmu, sukan ɗaura niyyar rage jiki, su kama yawo da asuba, su rage ci, har su fara ganin riga ta yi musu yawa. Ana cikin haka sai zazzaɓin taifot ya kwantar da mutum, ko karaya, ko aikin fiɗa, ko haihuwa mai wuya. Bayan wata biyu ko uku ya hau ma'auni, ya tarar abin da ya zubar ya dawo har da riba. A nan ne gwiwar mafi yawan mutane ke sanyi, su ce ai dama haka Allah Ya yi su.

ABIN DA KWANCIYA KE YI WA JIKI

Ya kamata mai karatu ya fara sanin cewa wannan koma-baya yana da dalilai a cikin jiki kansa. A 1966 likitoci a birnin Dalas na Amurka suka kwantar da samari biyar lafiyayyu, 'yan shekara 20, har mako uku ba tashi. Da aka auna su sai aka ga ƙarfin zuciyarsu na ɗaukar wahala ya ragu da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Bayan shekara 30, watau a 1996, aka sake tara mutanen nan aka gwada su, aka tarar kwanciyar mako ukun nan ta fi tsufan shekara 30 raunana su. To, in haka ta sami samari masu jini a jika, ina ga magidanci ko uwar 'ya'ya da ta yi wata guda a gadon asibiti? In ya tashi ya ji yana haki a tafiyar da a da ba ya jin ta, ba ragwanci ba ne.

Na biyu, jiki ba ya son rabuwa da kitsen da ya saba da shi. Wani bincike da aka yi a birnin Melbon na Ostireliya, aka buga a 2011, ya nuna cewa shekara guda bayan mutum ya rage nauyi, sinadaran jini masu tayar da yunwa suna nan sama da yadda suke a da, masu sa a ji ƙoshi kuma suna ƙasa. Watau wanda ya rage jiki yana fama da yunwar da maƙwabcinsa bai san ta ba, kuma da zarar jiyya ta hana shi motsi sai nauyin ya sami ƙofar dawowa.

Na uku, akwai magungunan da kan ƙara nauyi, irin su firednisolon da ake bayarwa don asma da kumburin gaɓoɓi, da allurar insulin, da wasu magungunan farfaɗiya da na taɓin hankali. Na huɗu kuwa al'adarmu ce. Mai zuwa dubiya ba ya zuwa hannu rabbana, sai da madarar gwangwani da lemon zaƙi. Duk wanda ya shigo sai ya ce, "Kai, ka rame! A ci a murmure." Mai jego kuma ga kunun kanwa ga nama har a yi arba'in. Ƙauna ce ke kawo wannan, amma fa sau da yawa jiyya takan ƙare a bar cimar jiyya tana ci gaba.

SANYIN GWIWA YA FI CUTAR ƁARNA

Wani masanin halayyar ɗan Adam, Alan Marlatt, wanda ya yi nazari mai zurfi a kan masu komawa shaye-shaye bayan sun daina, ya bayyana a 1985 cewa tuntuɓe ɗaya ba shi ke kada mutum ba. Abin da ke kada shi shi ne hukuncin da yake yanke wa kansa bayan tuntuɓen. Wanda ya ce, "Ni dama ba ni da zuciya," sai ya saki komai. Wanda ya ce, "Rashin lafiya ce ta tsai da ni, ga shi ta wuce," shi ne ke tashi ya ci gaba. Hausawa sun riga sun faɗa, faɗuwar gaba asarar namiji.

Wani abin da ke kashe gwiwa shi ne dogon buri. Mai kilo 90 yakan sa a ransa sai ya koma kilo 65 na zamanin samartaka, alhali kuwa lafiya ba ta nemi haka ba. A Amurka an bi mutum 3,234 waɗanda ciwon sukari ke gab da kamawa, aka buga sakamakon a 2002. An nemi wani rukuninsu su rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, su kuma yi tafiyar sauri ta minti 150 a mako. Kamuwa da ciwon a cikinsu ta ragu da kashi 58 cikin 100, yayin da masu shan ƙwayar metfomin suka sami ragin kashi 31. Ga mai kilo 90, kashi 7 bai wuce kilo 6 da 'yan kai ba. Masu binciken ciwon gwiwa kuma sun nuna a 2005 cewa kowane kilo ɗaya da aka zubar yana sauke wa gwiwa nauyin kamar kilo huɗu a kowane taku.

TA INA ZA A FARA?

Matakin farko shi ne komawa wurin likita. Mutanen Paikon Kore suna kusa da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada, ga kuma ƙananan asibitocin yankin inda za a iya auna jini da sukari. A tambayi likita yaushe ya halatta a fara motsa jiki, da wane irin motsi, musamman bayan fiɗa. A nuna masa duk maganin da ake sha. Kada wanda ya kuskura ya ajiye magani da kansa don tsoron ƙiba, likita ne zai san ko akwai wanda za a musanya. In nauyi ya ƙaru farat ɗaya tare da kumburin ƙafa da sarƙewar numfashi, wannan yana iya zama ruwa ne daga ciwon zuciya ko ƙoda, asibiti yake bukata ba horon ciki ba.

Na biyu, a fara daga inda jiki yake yau, a manta da inda yake kafin cuta. Wanda a da yake tafiyar awa guda ya fara da minti goma, ya riƙa ƙara kaɗan duk mako. Zafin Gwagwalada sananne ne, musamman a watannin Maris da Afrilu, saboda haka bayan sallar asuba ko bayan la'asar sakaliya ya fi dacewa. A sauka daga babur tun da sauran tafiya, a ƙarasa da ƙafa. Mai jiran sai ranar da ya ji sha'awar fita zai daɗe yana jira, domin ƙwarin zuciya yakan biyo bayan aiki ne. Mako guda na cika ƙaramin alkawari yana haifar da himmar mako na biyu.

Na uku, abinci. Wanda ya tashi daga jiyya yana bukatar abin da zai mai da masa naman jikinsa, wake da ƙwai da kifi da nono, don haka zama da yunwa ba nasa ba ne. Abin ragewa shi ne sukari da soye-soye da girman malmala. Ruwa ya maye gurbin lemon kwalba, kwaɗon zogale ko rama da miyar ganye su cinye rabin kwano. Nonon Fulani yana nan kusa, a sha shi da fura kaɗan ba tare da tula sukari ba. A kuma yi hattara da shayin rage ƙiba da ake talla a kasuwa da wayoyi. Da yawansu gudawa da fitsari kawai suke sawa, abin da ke fita ruwa ne, ƙoda kuma ita ke biyan kuɗin.

Na huɗu, kada a bar wa ma'auni shi kaɗai hukunci. A sami igiya a auna tsawon jiki, a ninka ta biyu, a zagaya ciki da ita daidai saman cibiya. In ta haɗe, to madalla, domin likitoci sun ba da shawara kada zagayen ciki ya kai rabin tsawon mutum. A kuma lura da sauƙin ruku'u da sujada, da raguwar haki, da awon jini. Sau da yawa waɗannan sukan gyaru tun ma'auni bai motsa ba.

Daga ƙarshe, iyali suna da nasu rabo. Tukunya ɗaya ake ci, kuma da wuya mutum ya kame bakinsa shi kaɗai a tsakar gida. Abokin tafiya guda da zai ƙwanƙwasa ƙofa da asuba ya fi nasiha ɗari.

Mutanen nan biyar na Dalas, da aka sa su motsa jiki a hankali har wata shida suna 'yan shekara 50, ƙarfinsu ya komo daidai da yadda yake suna samari. Jiki yana karɓar gyara in an bi shi da lalama. Cuta takan shiga lokaci guda, sauƙi kuwa sai a hankali, kuma sannu ba ta hana zuwa. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya ƙara wa masu ita kiyayewa.