Hukuncin Sāke Ƙera Nono Da Naman Jikin Mace Bayan An Yanke Shi

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Wani ɗan kasuwa ya same ni a zaure a Soron Ɗinki, ya ce sankara ta kama nonon iyalinsa, likitoci sun ce sai an yanke. Ita kuwa ta ƙi. An gaya mata ana iya ƙera wani da naman jikinta, amma tana tsoron kada ya zama canja halittar Allah.

Ga yadda aikin yake. Wani lokaci likita yakan ɗauko fata da tsoka daga gadon baya, ya zagayo da su ƙirji ba tare da yanke jijiyar jininsu ba. Wani lokaci daga mara, dabarar da likita Carl Hartrampf na Amurka ya bayyana a 1982. Illarta ita ce bangon ciki yakan yi rauni. Daga 1994 aka soma ɗaukar fata da kitse kaɗai, a bar tsoka, a ɗinke jijiyoyin jini a ƙarƙashin madubin likita. Amma fa wannan nono ba ya kawo ruwa, kuma naman yakan mutu in jini bai gudana ba.

To, canja halitta da aka hana shi ne taɓa lafiyayyar gaɓa don neman ƙarin kyau. Mayar da abin da cuta ta ci kuwa magani ne. Abu Dawuda ya ruwaito cewa an sare hancin Arfaja ɗan As'ad a yaƙi, ya sa na azurfa ya yi ɗoyi, Annabi (SAW) ya umarce shi da na zinariya. In an halatta zinariya ga namiji saboda hanci, ina ga naman mutum kansa? Mai cewa abin da aka yanke daga rayayye mushe ne, ya sani wannan nama jini na komawa cikinsa, ya rayu.

Majalisar Fiƙihu ta Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1988, ta halatta ɗauke gaɓa daga wani wuri zuwa wani a jiki guda, muddin amfani ya rinjayi cuta. A Malesiya, a 2007, ta ambaci nono da sunansa.

Na ce masa ya mai da ita Asibitin Malam Aminu Kano a makon nan, a fara da kawar da cutar, sa'an nan su tambayi likitoci ko jikinta zai ɗauki ƙirar, da inda ake yinta. Ƙirar tana iya jira shekaru. Sankara ba ta jira.