Kafin Ka Sayi Littafin Koyon Rumbun Bayanai

Duk wanda ya taɓa riƙe rajistar makaranta ko littafin adashi ya san wahalar neman suna ɗaya cikin ɗaruruwa. Wannan wahala ce rumbun adana bayanai na kwamfuta ya zo ya rage, shi ya sa matasanmu da yawa ke son koyonsa. Amma littattafan da tsada, kuma ba kowane mai kauri ne zai fisshe ka ba.

Da fari dai, 'yan'uwa, a nemi littafin da ke koyar da SQL, wato harshen da ake yi wa rumbu tambaya da shi. Tushensa wata takarda ce da Edgar Codd na kamfanin IBM ya wallafa a 1970, inda ya ce a riƙa jera bayanai cikin jadawalai masu alaƙa da juna. Donald Chamberlin da Raymond Boyce suka fito da harshen a 1974, aka daidaita ƙa'idarsa a Amurka a 1986. Tsufan nan nasa alheri ne ga mai ƙaramin ƙarfi, domin littafin SQL na gwanjo mai shekara goma zai yi maka aiki sarai. Na dBASE ko FoxPro kuwa, ko kyauta aka ba ka, kada ka ɓata lokacinka. Microsoft ya daina kula da Visual FoxPro tun 2015.

Inda akan yi kuskure shi ne a fara da manyan littattafan jami'a. An Introduction to Database Systems na C. J. Date, wanda ya fara fitowa a 1975, littafi ne mai daraja ƙwarai, amma sabon shiga zai gaji kafin ya rubuta tambaya ɗaya. Da rarrafe yaro kan tashi. A ganina gara a fara da ƙarami kamar Learning SQL na Alan Beaulieu, a ajiye na Date sai hannu ya faɗa.

Bayan haka sai littafin tsara rumbun kansa, irin Database Design for Mere Mortals na Michael Hernandez. Ga dalili. A ce uba ɗaya yana da yara uku a makaranta, aka rubuta lambar wayarsa sau uku. Ran da ya canja lamba aka gyara biyu aka manta ɗaya, rajista ta fara ƙarya ke nan. Littafin kirki zai nuna maka yadda za a ware iyaye a jadawalinsu, a haɗa su da yara ta lamba guda.

A kula kuma, SQL yana da karin harshe kamar Hausa. Wanda ke son layi goma na farko zai rubuta LIMIT a MySQL da PostgreSQL, amma TOP a SQL Server. Saboda haka a duba wanne littafin ya bi, in da hali ya zo daidai da na makarantarka ko wurin aikinka.

A kanti, buɗe babin JOIN, mai bayanin haɗa jadawalai. In ka karanta shafi biyu ka gane misalin, akwai kuma aikin gwaji da amsoshinsa, to, saya. Wurin gwaji ba ya cin kuɗi, domin SQLite kyauta ne, ko tsohuwar kwamfuta tana ɗaukarsa. Sai dai ka yi gwajin a kan kwafi, gama umarnin DELETE da aka manta sa masa WHERE yakan share duk abin da ke cikin jadawali.