Kafin ka ɗora shafinka, duba manhajar da za ta riƙe sabar

Duk shafin intanet da ka buɗe a wayarka yana zaune ne cikin wata kwamfuta da ba a kashe ta dare da rana, wato sabar. Mai son kafa shafin makaranta ko jarida ko kasuwanci sai ya tsai da shawara a kan abu biyu: babbar manhajar da za ta tafiyar da kwamfutar, da wadda za ta riƙa miƙa shafuka ga masu ziyara.

A babbar manhaja, zaɓin bai cika wuce Linux ko Windows Server ba. Windows na Microsoft ne, lasisinsa da kuɗi ake saya, kuma babbar hujjar ɗaukarsa ita ce idan an gina shafin da tsohon tsarin ASP.NET, wanda a kansa aka ƙera shi. In ba haka ba, Linux ya wadatar. Linus Torvalds ne ya fara shi a 1991 yana ɗalibi a Helsinki, kyauta ne, kuma WordPress da PHP da MariaDB duk suna zama a kansa lafiya lau.

Sai dai Linux iri-iri ne, nan ne kuma matasanmu masu harkar kwamfuta ke raba dare suna musun wanne ya fi sauri. A ganina tambayar da ta fi wannan muhimmanci ita ce: shekara nawa masu shi za su ci gaba da toshe kafofin da masu kutse ke bi? Ubuntu, wanda kamfanin Canonical ya fitar a 2004, yana sakin bugu mai dogon tallafi duk bayan shekara biyu a watan Afrilu, ya kuma kula da shi shekara biyar kyauta. Debian, da ke nan tun 1993, ’yan sa-kai ne ke riƙe da shi, ba ya gaggawar sauya abu, kuma a sabar wannan yabo ne.

Abin da ya sami masu CentOS, wani nau’in Linux, ya isa darasi. An yi musu alkawarin kula da CentOS 8 har 2029, kwatsam a Disambar 2020 kamfanin Red Hat mai riƙe da shi ya sanar cewa tallafin zai ƙare a ƙarshen 2021. Dole kamfanoni suka kwashe kayansu, da yawa suka koma Rocky Linux da AlmaLinux, waɗanda aka kafa don cike wannan giɓi. Sabar da aka daina sabunta ta ba ta nuna alamar ciwo. Shafi na buɗewa kamar kullum, alhali ƙofar baya a buɗe take.

Mai miƙa shafuka kuwa, Apache ya fito a 1995, ya daɗe, kuma kusan duk matsalar da za ka ci karo da ita wani ya riga ya rubuta maganinta. Nginx, wanda Igor Sysoev ɗan Rasha ya saki a 2004, an gina shi ne don ɗaukar dubban masu ziyara lokaci guda ba tare da cin ƙwaƙwalwar kwamfuta sosai ba. Ga ƙaramin shafi, da wuya mai karatu ya ji bambancinsu. Ko wanne ka ɗauka, haɗa shi da takardar tsaro ta Let’s Encrypt. Ba a biyan ko kwabo.

Kada ma ka yi tunanin ajiye sabar a shago ko a gida, da irin wutar lantarkinmu. Yi haya a cibiyar ajiyar bayanai. Kafin ka biya kuɗin hayar, tambayi wanda zai kula maka da ita wace manhaja ya iya, wadda zai gyara cikin dare ba tare da kame-kame ba. Idan ya ce duk ɗaya ne a wurinsa, ɗauki Ubuntu mai dogon tallafi ko Debian, ka sa Nginx, ka kunna sabuntawar tsaro mai yin kanta, sannan ka rubuta ranar ƙarewar tallafin inda ba za ka manta ba.