Ƙwaya 30 a mako shida: Manhajar tunatarwa da shan magani kan lokaci

Akwai wani dattijo, ma'aikacin ofis a nan Legas, da ya saba sayen maganin hawan jininsa a kantin da nake aiki. Likita ya rubuta masa amlodipine, ƙwaya ɗaya kullum, kwalin da yake saye kuma ƙwaya 30 ne a ciki. Ke nan duk wata ya kamata in gan shi. Amma da na duba littafinmu sai na tarar mako shida ne cif tsakanin zuwansa da zuwansa, har sau uku a jere.

Na ce, "Alhaji, ko akwai inda kake ƙaro maganin nan ban da wurinmu?"

Ya ce, "Haba 'yata, ina zan je? Ai ni ba na fashi. Yarona ya sa min abin tunatarwa a kwamfuta, tara na bugawa za ta yi ƙara, in jawo durowa in sha."

Kwamfutar ta ofis ce, durowar ma ta ofis ce. Daga Litinin zuwa Juma'a ƙwaya biyar ke nan, Asabar da Lahadi kuwa kwamfuta na kashe, magani na kulle a ofis. Raba 30 gida biyar-biyar, mako shida zai ba ka. Alhaji bai yi min ƙarya ba, duk ranar da aka tuna masa ya sha. Sai dai hawan jini bai san ranar hutu ba, kuma da na auna shi a ranar abin ya haura 160 bisa 100.

Mantuwa da magani ba matsalarsa shi kaɗai ba ce. Tun a 2003 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoton cewa a ƙasashen da suka ci gaba ma, kusan rabin masu ciwon da ake daɗewa ana sha wa magani ne kawai ke shan sa yadda aka tsara musu, a ƙasashe irin namu kuwa abin ya fi haka muni. Wani tsada ce ke hana shi, wani ya ji sauƙi ya ajiye, wani kuma cunkoson hanya da hidimar yara ne suka sha masa kai. Wannan na ƙarshen shi ne manhajar tunatarwa za ta yi wa amfani. Wanda kuɗi ya gagara, ko ƙararrawa goma aka sa masa ba za ta sayo masa ƙwaya ɗaya ba.

Yawancin waɗannan manhajoji kyauta ne, wasu ma suna cikin kwamfutar tun daga kamfani. A kwamfuta mai Windows akwai Sticky Notes, 'yar takarda ce da ke manne a fuskar allo, tana da kyau wajen rubuta cefane ko lambar waya, amma ba ta dace da magani ba, domin bayan kwana uku ido kan saba da ita ya daina ganin ta. Akwai Microsoft To Do, wadda ta fito a 2017 ta gaji Wunderlist da kamfanin ya saya. A cikinta za ka rubuta aiki, ka sa masa lokaci, ka ce ya riƙa maimaituwa, in ka gama ka danna alamar an yi. Masu Gmail suna da Google Calendar, masu kwamfutar Apple kuma suna da Reminders. Ban fifita wata a kan wata ba. Abin da ya fi sunan manhaja muhimmanci shi ne a haɗa ta kwamfuta da ta waya da adireshin imel ɗaya, yadda abin da ka rubuta a tebur zai bi ka har cikin aljihu.

Dalili kuwa, kwamfuta na da iyakarta. Ƙararrawar agogon Windows ba ta bugawa in kwamfutar na kashe ko ta yi barci. Google Calendar ba ta leƙo da saƙo a allon kwamfuta sai shafinta na buɗe. In an ɗauke wuta, kwamfutar tebur ta mutu tare da duk abin da za ta tuna maka. Saboda haka ni a ganina kwamfuta wurin tsarawa ce: allonta babba, rubutu a kai ba wahala, kana ganin wata guda gaba ɗaya a gabanka. Bugun ƙararrawar kuwa a bar wa waya. Ita ma wayar sai an lura, domin tsarin tattalin batir na wayoyin Android da yawa kan rufe manhaja ta bayan fage, saƙon ya makara ko ya ƙi zuwa. A shiga saitin batir a cire manhajar daga cikin waɗanda ake rufewa, sannan a gwada da tunatarwar minti biyar a ga ko za ta yi ƙara.

Inda na fi ganin amfanin abin shi ne magungunan da lissafin lokacinsu ke ruɗa mutane. Ɗauki maganin zazzaɓin cizon sauro na artemether da lumefantrine, wanda aka fi sani da Coartem. Sau shida ake shan sa cikin kwana uku, amma sha na biyu awa takwas ne bayan na farko, daga nan sai safe da dare na kwana biyun da suka rage, kuma ana son a sha da madara ko abinci mai ɗan maiƙo domin jiki ya fi karɓar sa. Uwar da ta ba yaro na farko ƙarfe biyu na rana, na biyun ƙarfe goma na dare zai faɗo. Nan ake yawan yin barci a kansa. Zuwa rana ta uku kuma yaro ya tashi yana wasa, sai a manta da sauran. Tunatarwa biyar da aka rubuta tun a bakin kanti, kafin a hau mota, sun isa su toshe wannan kafa.

Haka maganin kashe ƙwayoyin cuta da aka ce "sau uku a rana". Mutanenmu kan fahimce shi da karin safe, na rana da na dare, wanda a wasu gidajen duka ukun sukan faɗo cikin awa goma sha biyu, jiki ya kwana ya wuni rabin lokaci babu magani. Abin da ake nufi shi ne duk awa takwas: misali shida na safe, biyu na rana, goma na dare. Wanda ke auna ranarsa da lokutan salla zai iya cewa bayan asuba, bayan azahar, sai lokacin kwanciya, ba bayan isha'i kai tsaye ba. A lura, To Do da Google Calendar ba sa maimaita abu awa-awa, mafi ƙanƙanta kullum ne, don haka tunatarwa uku daban-daban za a rubuta, kowacce da lokacinta. Wajen zaɓen maimaitawa kuma a duba da kyau, akwai "kullum" akwai "ranakun aiki". Kuskuren danna ɗaya a madadin ɗaya zai mai da kai Alhajin da na ba da labari.

Sai abubuwan da ke zuwa nesa-nesa, waɗanda babu ƙwaƙwalwar da za ta riƙe su cikin hidimar birni. Rigakafin jariri: ranar haihuwa, mako shida, mako goma, mako goma sha huɗu, wata tara na ƙyanda da shawara, sannan wata goma sha biyar na ƙyanda karo na biyu. Zama ɗaya a gaban kalandar kwamfuta da katin asibiti a hannu, an gama da shekara da wata uku. Allurar tazarar haihuwa ta wata uku-uku, ranakun awon ciki, maganin tarin fuka na wata shida da ba a son fashin ko kwana ɗaya, duk haka. Ina kuma ba masu hawan jini da ciwon suga shawarar su sa tunatarwar sayen magani kwana biyar kafin ya ƙare, ba ranar da ya ƙare ba. Wasu magungunan, kamar atenolol da propranolol, tsayar da su farat ɗaya na iya sa zuciya bugu da sauri, jini ya yi sama.

Wani abin da ba a cika tunawa da shi ba shi ne sirri. Saƙon tunatarwa kan faɗo ne a kusurwar allo ba tare da neman izini ba, ko da abokin aiki na tsaye a kanka, ko an jona kwamfutar da majigi ana taro. Kwamfutar ofis kuma ba taka ba ce. Mai shan maganin cuta mai karya garkuwar jiki, ko na ƙwaƙwalwa, ko matar da ba ta son kowa ya san tana tazarar haihuwa, kada su rubuta sunan magani. "Shan ruwa" ko "kiran Inna" ya wadatar, kai dai ka san abin da kake nufi.

Kada kuma a danna alamar an yi sai ƙwaya ta wuce maƙogwaro. Na sha jin "ta yi ƙara na kashe, na ce bari in gama abin da nake yi". In ba za ka iya sha nan take ba, danna na jinkirtawa ta sake bugawa. Wanda ya manta har lokacin na gaba ya kusa, kada ya haɗa biyu ya ce ramuwa yake yi, musamman maganin suga irin glibenclamide da ke iya faɗar da suga ƙasa har mutum ya suma. Ya tambayi mai magani ko likitansa.

Shi dai Alhaji, a tsaye a bakin kanta muka gyara nasa. Na kira yaron a waya ya faɗa mana imel ɗin da ya yi amfani da shi, muka sauke manhajar a wayar mahaifinsa, muka mai da lokacin ƙarfe biyar da rabi na asuba kafin ya fito daga Agege. Maganin ya dawo gida, kusa da buroshin haƙori, sai ƙwaya biyu a jakar aiki saboda ranar da aka fita a gurguje. Na kuma roƙe shi ya sa Hajiya a cikin jerin, domin To Do na bari a raba jeri da wani, in bai danna ba za ta gani a tata wayar. Ya yi dariya ya ce ashe ƙararrawa biyu zan haɗa shi da su. Bayan kwana 27 ya dawo sayen sabon kwali.