Mubi: An Tsaya Gaban Bindiga, Saura Gaban Ambulan

Ranar 29 ga Oktoba, 2014, 'yan Boko Haram suka shigo Mubi, suka kafa tuta, har suka raɗa wa garin sabon suna, wai Madinatul Islam. A ranar ce kuma suka auka wa Kwarhi, inda hedikwatar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wato EYN, take tare da makarantar Littafi Mai Tsarki ta Kulp. Jama'a suka watse, wasu suka bi duwatsu zuwa Kamaru, wasu suka nufi Yola a ƙafa. A tsakiyar Nuwamba sojoji da maharba da 'yan banga suka ƙwato garin. Da muka dawo, majami'u a ƙone, bankuna a fashe, shaguna wayam.

Abin da ya kamata mai karatu ya sani shi ne yadda wannan ikilisiya ta ɗauki abin. Tun ranar 17 ga Maris, 1923, da 'yan mishan Stover Kulp da Albert Helser suka yi sujadar farko a gindin tsamiya a Garkida, koyarwar EYN ita ce Kirista ba ya ramuwa. Faɗar haka a lokacin zaman lafiya ba wuya. Amma wannan ikilisiyar ce aka kwashe 'ya'yanta a Chibok, don galibin 'yan matan nan nata ne, kuma shugabanta na lokacin, Rabaran Samuel Dali, bai sauya wa'azi ba. Matasa da yawa sun ji haushi, har wasu suna cewa haƙurin ya yi yawa. Duk da haka aka ci gaba da zama da malaman Musulmi a ƙungiyar sulhu ta CAMPI, aikin da ya sa aka ba su lambar yabo ta Michael Sattler a Jamus a 2016. Musulmin Mubi ma ba su tsira ba: ranar 21 ga Nuwamba, 2017, bam ya tashi a masallacin Unguwar Shuwa lokacin sallar asuba, mutum aƙalla 50 suka rasu.

Sai Rabaran Lawan Andimi, faston EYN kuma shugaban ƙungiyar Kiristocin Nijeriya, CAN, na Michika. An sace shi a farkon Janairun 2020. Duk wanda ya ga bidiyon da aka fitar ya ga mutum a hannun masu kisa yana magana a natse, yana gode wa Allah. Ranar 20 ga watan aka kashe shi.

To, ni dattijo ne a majami'armu, kuma abin da ke hana ni barci yanzu daban ne. Mutanen da suka ƙi musun Almasihu ana nuna musu bindiga, yau ana sayen bakinsu da turmin atamfa da naira dubu biyar.

A shiga kasuwar hatsi a duba. Akwai mai mudu biyu a rumfa: na saye mai zurfi, na sayarwa kuma an ƙwanƙwasa gindinsa ya shige ciki. Idan zai auna wa tsohuwa masara, sai ya karkata hannu ya share kan mudun da babban yatsa, yana mata hira don kada ta lura. Ran Lahadi shi ne a gaba da farar riga yana karɓar baiko. Annabi Amos ya yi wa masu rage awo da ha'incin ma'auni kashedi mai zafi, kuma maƙwabcina Musulmi ya gaya mini su ma tauye mudu babban zunubi ne a wurinsu. Ke nan duk kasuwar ta san hukuncin, aikatawa ce ta gagara.

Haka abin yake a makaranta da ofis. Na san uwa 'yar zumuntar mata da ta haɗa kuɗi aka yi wa ɗanta satar amsa a jarrabawa, sannan ta zo ta ba da shaidar godiya cewa Ubangiji ya yi. Na taɓa zaman jiran a sa hannu a takardar fanshona a wani ofis, ma'aikacin ya ajiye Littafi Mai Tsarki a kan teburi, ya dube ni ya ce, "Baba, ai ka san sai da na goro." Ban ba shi ba, takardar kuwa ta sha kwana a aljihun teburinsa. Da masu karɓar haraji da sojoji suka je wurin Yohanna Mai Baftisma suna tambayar abin da za su yi, bai tura su azumi ba. Ya hana su karɓar abin da ya wuce ƙa'ida da ƙwace na mutane, ya ce albashinsu ya ishe su.

Siyasa ce ta fi tona mana asiri. Ranar 16 ga Afrilu, 2023, kwamishinan zaɓe na Adamawa, Hudu Yunusa-Ari, ya ayyana Aishatu Binani a matsayin gwamna alhali ba a gama tattara sakamako ba, kuma ba aikinsa ba ne. Hukumar zaɓe ta INEC ta soke sanarwar, bayan kwana biyu aka bayyana Ahmadu Fintiri a matsayin wanda ya ci. 'Yan takarar nan duka Musulmi ne, don haka ba rigimar addini ba ce. Amma a hirarrakin bayan sujada ban ji masu tambayar ko an bi doka ba sai ƙalilan. Kowa na duba ɓangaren da tuwonsa yake. Wasu da suka fi kowa ɗaga murya kan maguɗi, su ne suka raba kuɗi a layin zaɓe a unguwarsu. Laifi tudu ne, in ji Hausawa, sai ka take naka ka hango na wani.

Masu wa'azinmu sun iya tsawata wa yarinyar da ta yi cikin shege. Nan da nan za a sa ta a horo, a karanta sunanta gaban jama'a. Amma kansilan da ya cinye kuɗin rijiyar burtsatse, in ya zo bikin godiyar girbi da ambulan mai kauri, kujerar gaba ake ba shi, har a miƙa masa makirufo. Matiyu sura 18, wadda 'Yan'uwa ke alfahari da ita wajen gyara mai laifi, ba ta ware mai kuɗi ba. Yara kuwa suna gani, shi ya sa in muka yi musu faɗa kan shan ƙwaya sai su yi murmushi.

Ba a rasa masu tsayawa ba. Bishop Stephen Dami Mamza na Katolika a Yola ya ciyar da dubban 'yan gudun hijira a cocin St. Theresa ba tare da tambayar addininsu ba, ya gina musu gidaje 86 a Sangere-Marghi, a 2021 kuma aka buɗe masallacin da ya gina wa Musulmin cikinsu. Ya sha suka daga nasa, bai fasa ba.

Fastocinmu da dattawa 'yan'uwana na Mubi, zaɓen 2027 na tafe. Ku riƙa karanta lissafin baiko a fili, ku hana ɗan takara hawa bagadi, kuma duk ambulan da aka kawo ku tambayi daga ina kuɗin ya fito kafin ku sa albarka.